Amsar tambaya: Shin sojan Najeriya ya koma bariki da gaske?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Jibiya. Lokacin da sojoji suka kifar da Bazoum a 2023 mun sha wahalar rufe boda, amma duk da haka ina jin wasu matasanmu suna cewa ina ma a yi mana irinsa. Tambayata ita ce, me ya sa Nijar ke ta komawa hannun soja, mu kuma tun 1999 shiru? Sojanmu ya haƙura da mulki ne da gaske, ko kuwa yana yi ne ta bayan fage ba mu sani ba? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, Malam. Amin, na gode, Allah ya ƙara wa aikinka albarka. Tambayoyi biyu ka haɗa: dalilin da ya sa aka daina juyin mulki a nan ba a daina a Nijar ba, da kuma ko daina juyin mulkin yana nufin soja ya dawo ƙarƙashin farar hula. Ta biyun ta fi damuna, domin mutane da yawa suna ɗauka muddin ba a ji kiɗan badujala a rediyo da asuba ba, to komai lafiya. Ni ba da wannan nake aunawa ba. Abin da nake dubawa shi ne wa ke naɗa manyan hafsoshi ya kuma sauke su, wa ke da ta cewa kan kuɗin tsaro, wa ke yanke shawarar inda za a tura soja, sannan wa ke hukunta shi idan ya yi ɓarna. A na farko Najeriya ta yi nisa. A sauran ukun da sauran rina a kaba. Ni farar hula ne, kimiyyar siyasa nake koyarwa, na yi aiki da ma'aikatan kwamitocin majalisa kan kasafin tsaro, na kuma koyar da hafsoshi a kwasa-kwasan ƙarin girma. Daga wannan gefen nake magana.

Gidan da soja ya gina

Daga 1960 zuwa 1999 soja ya riƙe Najeriya kusan shekara 29. Ya karɓa a Janairun 1966, ya miƙa wa Shagari a Oktoban 1979, ya sake karɓa a ranar ƙarshe ta 1983, bai saki ba sai 29 ga Mayu, 1999. Wanda ya daɗe haka a kan mulki ba ya tafiya da kayansa duka. Kundin tsarin mulkin da muke aiki da shi yau, da dokar soja mai lamba 24 ta 1999 gwamnatin Abdulsalami ta kafa shi, ba a kai shi gaban jama'a sun kaɗa masa ƙuri'a ba. Jihohi 36 ɗin nan duk soja ne ya yanka su, 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Jiharka ta Katsina ma Babangida ne ya fitar da ita daga Kaduna a 1987. Sashe na 315 na kundin ya ɗauki wasu dokokin soja, ciki har da dokar filaye ta 1978 da dokar hukumomin leƙen asiri, ya ɗaure su ta yadda majalisa ba za ta iya taɓa su ba sai ta bi hanyar gyaran tsarin mulki. Tattara iko da kuɗi a tsakiya, da gwamnan da ke ganin jiha kamar bataliyarsa ce, duk tarbiyyar wancan zamani ce.

Mutanen ma ba su tafi ba, kaki kawai suka cire. A cikin shekara 24 na farko, 16 tsofaffin janar-janar ne a fadar shugaban ƙasa, Obasanjo da Buhari. David Mark, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Neja, ya shugabanci majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2015. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Duk lokacin da shugaban farar hula ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamna ya naɗa kantoma, tsohon soja yake ɗaukowa: Chris Alli a Filato a 2004, Tunji Olurin a Ekiti a 2006, Ibok-Ete Ibas a Ribas a 2025. Babu dokar da ta ce sai soja. 'Yan siyasar ne da kansu, in ta yi tsami, ba su yarda wani farar hula zai iya ba.

To me ya hana juyin mulki?

Dalili na farko shi ne abin da Obasanjo ya yi makonni kaɗan da hawansa. A watan Yunin 1999 ya yi wa hafsoshi 93 ritaya, waɗanda suka riƙe muƙaman siyasa a zamanin soja, gwamnoni da ministoci da makamantansu. Waɗannan su ne suka ɗanɗana, suka san daɗin abin, suka kuma san yadda ake shirya shi. Ya iya yin haka ne domin shi ma ɗan gida ne, ga T.Y. Ɗanjuma a ma'aikatar tsaro. Da wani farar hula tsantsa ne ya gwada a wannan lokacin, ban tabbata zai sha ba.

Na biyu, sojan kansa ya ji jiki a hannun mulkin soja. Bayan yunƙurin Dimka a 1976 da na Orkar a 1990 an harbe hafsoshi da dama. Mamman Vatsa, abokin Babangida tun ƙuruciya, an harbe shi a 1986. A zamanin Abacha, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, a watan ne kuma aka kama Oladipo Diya, mutum na biyu a gwamnatin. Wani kanar ya taɓa faɗa mini a aji cewa a wancan lokacin kyaftin mai kusanci da fada ya fi birgediya ƙarfi, kuma gaisuwa da wanda bai kamata ba tana iya kai mutum kotun soja. Waɗanda suke manya yau ƙananan hafsoshi ne a lokacin, sun gani da idonsu.

Na uku, aikin ya yi wuya. A da idan ka kama barikin Dodan, fadar gwamnati a Legas, da gidan rediyon tarayya a Ikoyi, ka katse waya, ka gama rabin aiki. Yau rundunonin suna warwatse a Kaduna da Ibadan da Jos da Maiduguri da Sakkwato da Fatakwal da Enugu da Legas, ga gwamnoni 36 kowa da gidan rediyonsa, ga waya a aljihun kowa. Kuma duk wanda ya fito ya yi sanarwa, tambayar farko da za a yi ita ce ɗan ina ne, wane addini yake yi. Darasin 1966 bai goge ba.

Na huɗu shi ne wanda na fi ba nauyi. Sau uku ƙasar ta zo bakin rami, 'yan siyasa suka warware da kansu. A Mayun 2006 majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. A ranar 9 ga Fabrairu, 2010, 'Yar'aduwa na jinya a Saudiyya ba a miƙa wa kowa ragama ba, majalisa ta ayyana Jonathan muƙaddashi. A Maris 2015 Jonathan ya kira Buhari ya amince da kaye tun ba a gama sanar da sakamako ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da an bar shi ya ruɓe, ya isa hujja ga mai neman hujja.

Akwai na biyar, wanda ba shi da daɗin faɗa: manyan hafsoshi suna samun yawancin abin da juyin mulki zai ba su ba tare da sun sa wuyansu ba. Zan dawo kansa.

Nijar

Ka riƙe waccan rana ta 9 ga Fabrairu, 2010. Kwana tara bayanta, ranar 18, sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka afka wa fadar shugaban ƙasa a Yamai ana tsakiyar taron ministoci, suka kama Tanja Mamadu. Ƙasashe biyu maƙwabta, rikicin tsarin mulki a wata ɗaya, sakamako daban. Bambancin shi ne a Nijar Tanja ya riga ya rushe duk wanda zai iya taka masa burki. Da kotun tsarin mulki ta ce tazarce ba ta halatta ba, ya rushe majalisa, ya rushe kotun, ya yi zaɓen raba gardama a Agustan 2009. Wa ya rage? A 1996 ma kusan haka ne, Shugaba Mahamane Usman da firaministansa Hama Amadu sun shekara suna kai ruwa rana, gwamnati ta tsaya cik, Ibrahim Ba'are Mainasara ya shigo a 27 ga Janairu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai wannan ya haifar da wata mummunar al'ada. Dauda Malam Wanke a 1999 da Salu Jibo a 2010 duk sun shirya zaɓe sun miƙa mulki cikin ɗan lokaci, aka yaba musu. Daga nan soja ya zama kamar wani sashe na tsarin, mai raba gardama idan 'yan siyasa sun kasa. Har 'yan adawa suka saba da jiran sa. Sai a Afrilun 2021 aka fara ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar, shi ma kwana biyu kafin rantsar da Bazoum an yi harbe-harbe kusa da fada.

Na 26 ga Yuli, 2023 bai shiga wannan lissafi ba, kuma a nan ne bayanin "laifin 'yan siyasa ne" ya gaza. Bazoum bai nemi tazarce ba, bai rushe majalisa ba. Wanda ya tsare shi shi ne Janar Abdurahaman Tiani, shugaban dakarun da ke gadin fadar tun 2011, kuma rahotanni da yawa sun ce ana shirin sauke shi ne. Washegari babban hafsan soja, Abdu Sidiku Isa, ya fitar da sanarwa cewa rundunar ta bi sahu don kauce wa zubar da jini tsakanin dakaru. Ka lura da wannan, domin haka yawancin juyin mulki ke cin nasara. Ba sai duk soja ya yarda ba. Ƙaramar ƙungiya ce ke riƙe shugaba, sauran su zaɓi ko su harbi abokan aikinsu ko su bi, kuma kusan kullum bi suke yi.

Masu gadin fada kuwa tsohon labari ne. Su suka harbe Ba'are a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu, 1999, Wanke kuma shi ne shugabansu. A nan gida, Joe Garba da ya karanta sanarwar kifar da Gowon a Yulin 1975, Gowon na taro a Kampala, shi ne kwamandan dakarun da ke tsaronsa. A Gabon ma a Agustan 2023 haka aka yi. Shugaba yana tsoron soja, sai ya ware wata runduna ya fifita ta da makamai da alawus, ya bar mutum ɗaya a kanta shekara goma sha biyu. Ranar da ya so taɓa mutumin, babu wanda ke tsakaninsu.

Ƙasan wannan kuma akwai ɓacin ran da ya taru. An kashe sojoji 71 a Inates a Disambar 2019, aka kashe 89 a Cinagodar a Janairun 2020. A cikin 2020 ɗin ne binciken kuɗi a ma'aikatar tsaro ya nuna an yi asarar kimanin sefa biliyan 76 a kwangilolin makamai, ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. 'Yan ƙungiyoyin farar hula da suka fito zanga-zanga a kai su aka fara kamawa. Kurtun da ya binne abokansa ya kuma ji wannan labari, ba zai mutu don kare wannan gwamnati ba.

Inda ƙarfin yake a nan

Komawa rabin tambayarka na biyu. Ba na jin akwai wani ɗaki da janar-janar ke zama suna ba shugaban ƙasa umarni. Tinubu ya sauke dukkan hafsoshin tsaro a Yunin 2023, babu wanda ya ce uffan. Tasirin ta wasu ƙofofi yake shigowa, kuma farar hula ne ke buɗe su.

Sashe na 217 ya yarda shugaban ƙasa ya kira soja ya taimaka wajen maido da doka da oda, bisa sharuɗɗan da majalisa za ta gindaya. Abin da aka tanada don larura ya zama ruwan dare. Rundunar Haɗin Kai a arewa maso gabas, ta Fansan Yamma a wajenku, wata runduna a Filato tun 2010, wata a Binuwai, ga shingayen bincike a kan hanyoyi. Kai da ke bin hanyar Jibiya zuwa Katsina ba sai na ba ka labari ba. Ba ina cewa a janye su gobe ba ne, ƙauyen da 'yan bindiga suka addaba soja yake roƙo, kuma yana da gaskiya. Amma duk shekarar da soja ya yi yana aikin ɗan sanda, 'yan sanda na ƙara lalacewa, gwamna na ƙara dogara da kwamanda, kwamanda kuma na shiga rikicin fili da na kasuwa da na sarauta, abubuwan da ba a horar da shi a kansu ba.

Idan kana son ganin nauyin wannan dogaro, duba Fabrairun 2015. Mako ɗaya kafin zaɓe, Attahiru Jega ya sanar da ɗage shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, domin shugabannin tsaro sun ce ba za su iya ba da tabbacin tsaro ba, suna fama da Boko Haram. Ko da dalilin gaskiya ne, abin lura shi ne hukumar zaɓe mai zaman kanta ba ta da yadda za ta yi. Wanda zai iya ɗage ranar zaɓe da wasiƙa ba ƙaramin ɗan siyasa ba ne, ko da bai taɓa yankar katin jam'iyya ba.

Sai kuɗi. Na taɓa halartar wani zaman kare kasafin tsaro a gaban wani kwamiti. Hafsoshi suka shigo cikin kaki a goge, kowa da mai riƙe masa jaka. Shugaban kwamiti ya share kusan rabin lokacin yana jinjina musu, aka yi shiru na minti ɗaya don waɗanda suka rasu, sannan aka roƙi 'yan jarida su fita. Ma'aikacin kwamitin da ke gefena ya kwana yana haɗa tambayoyi kan wasu motoci da aka ware wa kuɗi shekara biyu a jere, ya miƙa wa ɗan majalisarsa takardar. Da aka ba ɗan majalisar dama, sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya roƙi a kafa sansani a mazaɓarsa, a kuma tuna da yaransa idan an zo ɗaukar sababbin kurata. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, mutanensa ake kashewa. Amma mai roƙo ba ya bincike. Haka aka tashi, ba a tambayi motocin ba.

Sakamakon irin wannan mun gan shi a fili. A Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawawwakin abokansu. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta yanke wa wasu 54 a Disamba saboda ƙin fita fagen daga, suna cewa ba su da makamai. Daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. A ƙarshen 2015 sai ga zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, zargin da ya musanta. Shari'ar kurata ta ƙare cikin watanni, ta manya kuwa aka yi ta jan ta shekara da shekaru. Ka kwatanta da labarin Inates da sefa biliyan 76, za ka ga ciwon ɗaya ne.

Hukunci shi ne mafi rauni. Sojoji sun kashe fararen hula a garin Odi a 1999, da Zaki Biam a 2001. A kan Odi kotu ta umarci gwamnati a 2013 ta biya diyyar naira biliyan 37.6, wato daga baitulmali, ba daga wanda ya ba da umarni ba. A kan rikicin soja da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne mutum 347 a kabari ɗaya, kwamitin ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu, jama'a ba su ga an yi ba. A Tudun Biri, Disambar 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne 85. A nan an ɗan samu canji, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri, rundunar ta ce za ta kai mutum biyu kotun soja. Sai dai har yanzu soja ne ke binciken soja, shi ke yanke abin da za a faɗa wa jama'a.

Abin da zai yi aiki

Wasu na ganin mafita ita ce a yi ta lallashin manya da muƙamai da kwangila. Buhari ya bar manyan hafsoshinsa a kan muƙamansu har Janairun 2021 duk da kiraye-kirayen majalisa, da suka sauka ya naɗa su jakadu. Wannan yana sayen zaman lafiya da janar, amma masu juyin mulkin Mali da Gini da Burkina Faso kanar-kanar ne da kyaftin, masu kallon abin da na sama ke ci. Wasu kuma na cewa a ƙarfafa masu gadin fada, ka ga inda ta kai Bazoum. Abin da na yarda da shi ba shi da armashi: a gyara 'yan sanda har su karɓi aikinsu, majalisa ta sa wa'adi da sharaɗi ga duk tura soja cikin gida, babban mai binciken kuɗi ya ga takardun sayen makamai ko da a sirrance ne, a bi ƙa'idar ƙarin girma da ritaya ba tare da duba ɗan wa ne ba, kuma alawus ɗin kurtu da haƙƙin matar wanda ya rasu su isa hannunsu a kan lokaci. Hafsoshin da na koyar ba su ƙi a bincike su ba, abin da suke ƙorafi shi ne masu binciken ba su san aikin ba.

Ba zan ce maka ba za a sake juyin mulki a Najeriya ba. Ilminmu yana iya nuna yanayin da ke haifar da shi, ba ya iya nuna rana, kuma mu na waje abin da hafsa ya ga dama ya faɗa a aji muke ji, ba abin da ake faɗa a ɗakin kwanan kurata ba.

Game da matasanka, kada ka yi musu faɗa, yunwa da rashin tsaro ne ke magana, kamar yadda muka gani a Agustan 2024 da wasu suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin Abacha. Ka dai sa su bi lissafin maƙwabta. A Mali an yi alkawarin zaɓe a Fabrairun 2022, aka ɗage zuwa 2024, a 2025 aka rushe jam'iyyu aka ba Assimi Goita shekara biyar da za a iya sabuntawa. A Nijar Tiani ya ce a Agustan 2023 riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba. A Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar, wa'adin da aka ce yana iya canzawa gwargwadon halin tsaro, aka kuma rushe dukkan jam'iyyun siyasa.